Muhawara: Wa ke zaɓa mana abin da muke saye, mu ko waɗanda muke kallo a waya?

Malam Habibu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in kawo wata magana da ta daɗe tana damuna, domin na san a cikinmu akwai masu saye, akwai masu sayarwa, akwai kuma waɗanda tallan kaya a intanet shi ne sana'arsu. Kwanakin baya na sayi fitila mai caji, irin wadda ake ɗorawa a kan tebur don karatu. Ban tashi da niyyar sayenta ba, domin ina da wata tana aiki. Abin da ya faru shi ne, akwai wani matashi da na yi wata da watanni ina kallon bidiyoyinsa, yana kwance na'urori yana bayaninsu cikin natsuwa, har na saba da muryarsa kamar ta ɗan gida. Rannan ya ɗauko wannan fitila, ya kunna ta a ɗaki mai duhu, ya ce tana kwana tana ci ba tare da an sake yi mata caji ba. Na shiga shafin da ake sayar da ita, na ga tana da taurari kusan biyar cif da ɗaruruwan sharhi na yabo, sai zuciyata ta kwanta, na biya.

Da kwalin ya iso, a ƙarƙashin fitilar na tarar da wani ɗan kati mai sheƙi. An rubuta a jikinsa cewa idan na ba su taurari biyar, na ɗauki hoton sharhina na aika musu, za su mayar mini da wani kaso na kuɗina. Bayan mako uku fitilar ba ta iya yin awa ɗaya. Na koma na sake karanta sharhin nan da ya ruɗe ni, wannan karon a tsanake, sai na lura yawancinsu gajeru ne, kalmominsu iri ɗaya, kuma masu su sun rubuta ne a ranar da suka buɗe kwali, kafin kayan ya nuna halinsa.

Ba asarar kuɗin ce ta fi tsaya mini a rai ba. Abin da na gane shi ne mutum biyu suka yi mini wannan ciniki: matashin ya sa mini sha'awar abin da ban nema ba, masu sharhi kuma suka kawar mini da shakka. Tambayata ita ce, a ina nawa zaɓin ya shigo? Kuma shin akwai sauran dalilin da zai sa mu amince da ɗayansu?

Injiniya Nura: Wa alaikumus salam Malam. Katin da ka gani ba sabon abu ba ne, kuma manyan shafukan ciniki sun san da shi. Kamfanin Amazon, wanda ya fara ba masu saye damar rubuta sharhi tun 1995, ya haramta sharhin da ake yi don an ba mutum kaya kyauta ko rangwame a shekarar 2016, ban da wani tsari nasa da yake kula da shi da kansa. Duk da haka a 2022 sai da ya kai ƙarar masu kula da zauruka fiye da 10,000 a Facebook, inda ake haɗa 'yan kasuwa da mutanen da za su rubuta yabo a biya su.

Dalilin da ya sa ake wannan wahala shi ne tauraro ɗaya kuɗi ne. Wani masani mai suna Michael Luca, a lokacin yana jami'ar Harvard, ya duba gidajen cin abinci na birnin Siyatil a Amurka, ya gano cewa ƙarin tauraro ɗaya a Yelp, shafin da mutane suke rubuta sharhi a kan wuraren ciniki, yana ƙara wa wuri ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari. Wannan tasiri ya bayyana ne a ƙananan wurare masu zaman kansu, ba a manyan kamfanoni masu rassa da yawa ba, domin waɗancan an riga an san su. Ma'ana, inda mai saye ba shi da wani sani, nan taurari suke yanke masa hukunci.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ba ni tsoro, domin ba ya buƙatar ƙarya mai yawa. A 2013 mujallar Science ta buga wani gwaji da aka yi a kan tsokaci fiye da 100,000 a wani shafin labarai. Masu binciken sukan zaɓi tsokaci ba tare da duba ingancinsa ba, su ba shi ƙuri'ar yabo guda ɗaya tak tun da farko. A ƙarshe waɗanda suka sami wannan ƙuri'a ta farko sun zarce sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari a matsakaicin maki. Saboda haka ɗan kasuwa ba ya buƙatar sayen sharhi dubu. Ya ishe shi ya sayi na farko, sauran mutanen kirki za su biyo baya da kansu, kowa yana ganin ra'ayinsa ne ya faɗa.

Hajiya Rabi: Injiniya, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ina so a ji ta bakin mai sayarwa, domin kullum mu ake nunawa da yatsa. Shekara shida ke nan ina sayar da kayan yara ta intanet, kuma ban taɓa sayen sharhi ba. Abin da na lura da shi shi ne, wanda ya ji daɗin kaya ba ya dawowa ya rubuta komai; ya karɓi abinsa ya ci gaba da harkokinsa. Wanda ransa ya ɓaci shi ne yake da lokacin rubutu. Na taɓa samun tauraro ɗaya saboda mai kai saƙo ya makara da kwana biyu, alhali matar da kanta ta rubuta cewa kayan suna da kyau. Wata kuma ta aiko mini da saƙo a ɓoye cewa in ban mayar mata da rabin kuɗinta ba, kuma na bar mata kayan, za ta rubuta cewa jabu nake sayarwa. Na ƙi, ta kuwa rubuta, kuma na ga yadda ciniki ya ja baya a makonnin da suka biyo.

Idan maƙwabcinka a shafi ɗaya yana sa kati a kwali, taurarinsa suna hawa, shafin kuma yana ɗora shi a sama saboda taurarin, kai mai gaskiya sai ka koma shafi na huɗu inda ba mai zuwa. Ba na kare masu yin haka, ha'inci ne, amma ina so a san cewa tsarin da kansa yana hukunta wanda ya ƙi yi. Kuma ina ganin kawar da sharhi ba mafita ba ce, domin ni kaina sharhin kwastomomina na gaskiya ne ya sa baƙon da bai taɓa jin sunana ba ya yarda ya turo kuɗinsa kafin ya ga kaya. In ba don su ba, cinikin biri a sama kawai zai zama, kuma manyan kamfanoni ne kaɗai za su ci kasuwar.

Aminu: Malam Habibu, da girmamawa, ni ina ganin laifin ya fi yawa a wajen mai saye. Kowa ya san talla talla ne. Tun kafin intanet ana sa 'yan wasa da mawaƙa a talabijin suna yabon sabulu, ba wanda ya ce an yaudare shi. Me ya sa yanzu za mu mai da kanmu kamar yara waɗanda ba su san abin da suke yi ba?

Malam Habibu: Aminu, ɗana, tambayarka tana kan hanya, amma akwai bambanci. Idan tallan talabijin ya zo, shiri yakan tsaya, kiɗa ya canza, kowa ya san an shiga talla, sai mutum ya ɗaura ɗamarar shakka. Matashin da nake kallo bai tsayar da komai ba. A zaune yake a ɗakin da na saba ganinsa, da muryar da ya saba gaya mini gaskiya a kan wasu na'urori, har ya taɓa hana ni sayen wata waya, na kuwa gode masa a zuciyata. Wannan amanar da ya tara a wajena ita ya sayar wa masu fitila, ni kuma ban san an yi cinikin ba. Tun a 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan yadda mai kallo yake ƙulla zumunci na ɓangare ɗaya da wanda yake gani a allo, yana jin kamar abokinsa ne alhali wancan bai san da shi ba. A lokacinsu mai gabatar da shiri ba ya amsa maka. Yanzu kuwa yana amsa tsokacinka, yana nuna maka 'ya'yansa da rashin lafiyarsa, yana kiran mabiyansa dangi. Ilimi ba ya hana mutum jin wannan kusanci. Ni malami ne, kuma ya kama ni.

Zainab: Baba Malam, na daɗe ina karanta wannan muhawara ina tunanin ko in yi magana, domin ni ce irin mutumin da ake zance a kai. Ina yin bidiyo a kan kayan gida da na gyaran jiki, kuma da kuɗin talla nake biyan haya da kuɗin makarantar ƙannena. Bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki.

Hanyoyin biyan kuɗi sun kai uku. Wani kamfani yakan aiko da kaya kyauta kawai, ba ya cewa dole ka yabe su, amma ka san in ka kushe ba za a sake aiko maka ba. Wani yakan biya kuɗi tsararru a kan bidiyo ɗaya, ya haɗo da takarda mai ɗauke da kalmomin da yake so a faɗa da waɗanda ba ya so a ambata, kuma sai ya ga bidiyon ya amince kafin a sake shi. Na uku shi ne wanda ya fi haɗari a ganina: a ba ka lambar rangwame ko adireshi na musamman, duk wanda ya saya ta nan kana da la'ada. A wannan tsari ba don ka yi bayani ake biyanka ba, sai don an saya, saboda haka duk kalmar da za ta sa mai kallo ya dakata ya yi tunani, daga aljihunka take fita.

Akwai kuma matsalar lokaci. Sau da yawa kaya sukan iso ranar Litinin, a ce ana son bidiyo ranar Alhamis. Abin da zan iya faɗa da gaskiya a kwana uku shi ne launinsa da nauyinsa da yadda yake a hannu. Ko zai kai wata shida, Allah ne masani. Mai yiwuwa matashin da Baba yake kallo bai yi ƙarya ba a daren da ya kunna fitilar. Sabuwa ce, ta kuwa kwana tana ci. Laifinsa shi ne bai ce kwana uku kawai ya yi da ita ba, bai ce an biya shi ba, kuma bai dawo bayan wata guda ya faɗi abin da ya biyo baya ba.

Ni ina rubuta cewa talla ne a duk abin da aka biya ni. Na taɓa rasa aiki saboda haka, domin wani kamfani ya ce in cire kalmar, wai tana rage wa bidiyo armashi. Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai kayan da na yaba a farkon sana'ata waɗanda yau ba zan ba ƙanwata ba.

Malam Isiyaku: Zainab, Allah ya saka miki da alheri da wannan bayani, ba kowa ne zai faɗi haka a bainar jama'a ba. Ni aikina haɗa magunguna ne, kuma inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne idan ya bar fitila da takalmi ya shiga abin da ake sha ko ake shafawa. Fitila in ta mutu an yi asarar kuɗi. Jiki ba haka yake ba.

Wata rana wata yarinya da ba ta wuce shekara ashirin ba ta zo wurina tana riƙe da ciki, leɓenta a bushe, tana neman maganin murɗawar ciki. Da na tambaye ta abin da take sha, sai ta ciro wani kwali mai kyan gani daga jakarta, shayin rage ƙiba, ta kuma nuna mini a wayarta matar da ta sa ta saya, da hotunan kafin a sha da bayan an sha. Na juya bayan kwalin, a cikin ƙananan rubutu na ga sunan ganyen filasko, wanda aikinsa sa gudawa ne. Nauyin da take gani yana raguwa a sikeli ruwan jikinta ne yake tafiya. Mako uku ta yi tana sha safe da dare. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne da na yi mata bayani, sai ta fara kare matar, tana cewa ai ita ba za ta cuci mabiyanta ba, wataƙila ita ce ba ta bi ƙa'idar shan ba.

Kuma a ƙarƙashin hoton nan an rubuta cewa talla ne, na gani da idona. Shi ya sa nake cewa rubuta kalmar talla wajibi ne amma bai isa ba. Instagram da kansa a 2019 ya taƙaita nuna tallan kayan rage ƙiba da na tiyatar gyaran jiki ga waɗanda ba su kai shekara 18 ba, wanda ya nuna sun san akwai kayan da sanarwa kaɗai ba ta kare mutum daga sharrinsu. Sharhin masu saye ma a wannan fanni ba shi da amfani sosai, domin mai shan irin wannan shayi a makon farko da gaske zai ga sikeli ya sauka, da gaske zai ba da taurari biyar, kuma bai yi ƙarya ba. Illar tana zuwa ne bayan ya riga ya ba da shaida.

Barista Hadiza: Malam Isiyaku ya taɓo inda dokokin ƙasashe suka rabu gida biyu. Wasu sun tsaya a kan cewa a bayyana alaƙar kuɗi, wasu sun ƙara da cewa akwai abin da ba za a tallata ba ko da an bayyana.

Faransa tana cikin na biyun. Dokar da ta kafa a watan Yunin 2023 ta wajabta wa masu tasiri a intanet su rubuta a fili cewa abin da suke nunawa talla ne, su kuma sanar idan an gyara hoton jiki ko fuska da manhaja. Ta kuma haramta musu tallan tiyatar gyaran jiki gaba ɗaya, kuma hukuncin saɓa wa wasu sassanta yana iya kai wa ɗaurin shekara biyu da tarar yuro 300,000. A Amurka, hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta fitar da ƙa'ida a 2024 wadda ta haramta saye da sayar da sharhin bogi, da biyan mutum bisa sharaɗin ya yi yabo, wato irin katin da Malam Habibu ya gani, da sayen mabiya na ƙarya, tare da tarar da za ta iya haura dala 50,000 a kan kowane laifi guda. Birtaniya ma ta haramta sharhin bogi a dokar da wannan sashe nata ya fara aiki a Afrilun 2025, inda tara za ta iya kai kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya baki ɗaya.

Akwai shari'o'i biyu da nake ganin sun dace da wannan zance. A 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta sa shahararriyar 'yar talabijin Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26 saboda tallan wani kuɗin kirifto a Instagram. Ta sa alamar talla a rubutun, amma ba ta faɗi cewa dala 250,000 aka ba ta ba, kuma dokar wannan fanni tana buƙatar a faɗi adadin. A shekarar ce kuma kamfanin tufafi na Fashion Nova ya amince ya biya dala miliyan 4.2 bisa zargin cewa ya yi shekaru yana sakin sharhin taurari huɗu da biyar kai tsaye, yana riƙe waɗanda suka gaza haka. Ku lura, a wannan ba a ce an ƙirƙiri sharhin ƙarya ko ɗaya ba. Ɓoye rabin gaskiya kawai aka yi, kuma ya isa ya canza abin da mai saye yake gani.

Sai dai doka a takarda daban, aiki da ita daban. A farkon 2024 hukumar Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon duba shafukan masu tasiri 576. Kashi 97 cikin ɗari suna saka abubuwan kasuwanci, amma kusan ɗaya cikin biyar ne kawai yake bayyana hakan a kowane lokaci. Wannan a yankin da yake da dokoki da hukumomi masu ƙarfi ke nan.

Aminu: Barista, na karɓi gyara a kan maganata ta farko. Amma idan huɗu cikin biyar ba sa bayyanawa a kowane lokaci, kuma taurari ana iya sayensu, to ni da nake son sayen kwamfuta don karatuna da me zan dogara?

Injiniya Nura: Aminu, kada ka bar sharhi, ka canza yadda kake karanta shi. Ni na daina kallon jimillar taurari, domin a yawancin shafuka sharhi yakan taru ne a taurari biyar, sai wasu kaɗan a tauraro ɗaya, tsakiya kuma fayau, kamar yadda Hajiya ta bayyana dalilinsa. Ina zuwa kai tsaye wajen masu taurari biyu da uku, domin ba wanda yake biyan kuɗi a rubuta masa uku, kuma mai fushin banza ba ya tsayawa a uku. A nan za ka sami mutumin da zai ce allon yana da kyau amma batirin ya yi rauni bayan wata huɗu. Idan mutum biyar da ba su san juna ba suka ambaci aibi ɗaya, na ɗauke shi gaskiya. Ina kuma jera sharhin daga na baya-bayan nan, domin wani lokaci kamfani yakan rage ingancin kaya bayan ya tara suna, wani ma yakan ɗauki shafin tsohon kaya mai taurari da yawa ya sauya hoto da suna ya sa wani kaya dabam. Na taɓa duba abin sauraron kiɗa na kunne, na gangara ƙasa na tarar ana yabon laushin tawul.

Game da ko shafukan suna iya tace ƙarya, ka tuna da abin da ɗan jarida Oobah Butler ya yi a Landan a 2017. Ya yi rajistar rumfar da yake zaune a cikinta a TripAdvisor, shafin sharhin otal-otal da gidajen abinci, a matsayin gidan cin abinci, abokansa suka rubuta yabo, har wurin da bai taɓa karɓar baƙo ko ɗaya ba ya zama na ɗaya a duk birnin. Yanzu kuma da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke iya rubuta sharhi ɗari masu salo mabambanta cikin minti kaɗan, alamar da Malam ya gane da ita, wato kalmomi iri ɗaya, ita ma tana gushewa.

Hajiya Rabi: Ni abin da zan roƙi masu saye shi ne su riƙa dawowa. In kaya ya yi maka wata uku yana aiki, ka koma ka rubuta layi biyu, ka faɗi tsawon lokacin da ka yi da shi. In yana da aibi ka faɗa, amma ka raba laifin kaya da laifin mai kai saƙo. Duk lokacin da mai gaskiya ya yi shiru, ya bar filin ne ga wanda aka biya da wanda ya zo da fushi, kuma mu da muke ƙin sa kati a kwali ba mu da wani makami sai ku.

Malam Isiyaku: Na yarda da Hajiya a kan kayan amfani na yau da kullum. Amma a kan magani da abin da ya yi kama da shi, ina nan a kan bakana: yawan masu yabo ba hujja ba ne, ko da duk gaskiya suka faɗa. Mutum dubu suna iya jin sauƙi saboda ciwon ya warke da kansa, ko saboda sun sa rai. A nan tambayar likita ko mai haɗa magunguna, da duba ko hukumar kula da magunguna ta yi wa abin rajista, ya fi karanta sharhi dubu.

Malam Habibu: Zainab, 'yata, akwai abin da nake so in tambaye ki kai tsaye, kuma ba don in ƙure ki ba. Kin ce akwai kayan da kika yaba a da waɗanda yau ba za ki ba ƙanwarki ba. Waɗannan bidiyoyin suna nan a shafinki har yanzu?

Zainab: Suna nan, Baba, guda huɗu ne. Biyu daga cikinsu har yanzu ana kallonsu, kuma ɗaya yana ɗauke da lambar rangwamen da take kawo mini ɗan abu duk wata. Na sha gaya wa kaina cewa tsofaffi ne, ba wanda yake kula da su, amma kuɗin da yake shigowa shaida ne cewa akwai masu saye saboda maganata. Yarjejeniyar ɗaya ta hana ni sauke bidiyon sai shekara ta cika, saura wata biyu, amma na sake karanta ta yanzu, babu inda ta hana ni ƙara bayani a ƙasansa. Zan cire lambar rangwamen yau, in rubuta a saman tsokaci abin da ya faru da kayan bayan na yi wata uku ina amfani da shi. Sauran ukun zan sauke su. Barista, idan ba damuwa, zan turo miki takardar ki duba mini kafin in rubuta komai.

Barista Hadiza: Ki turo, ƙanwata. Ki haɗo da saƙonnin da kuka yi da su kafin sa hannu, domin wani lokaci sharaɗin da ya fi ɗaure mutum yana cikin saƙo, ba a takardar ba.

Malam Habibu: Ni ma na koma shafin ɗazu na rubuta nawa sharhin. Na ba fitilar taurari biyu, na ce haskenta yana da kyau ga karatu, na faɗi cewa bayan mako uku cajinta ba ya kai awa ɗaya, na kuma ɗora hoton katin da na tarar a kwalin. Na rubuta wa matashin saƙo ina tambayarsa ko tasa fitilar tana aiki har yanzu, da kuma ko an biya shi. In ya amsa zan kawo muku abin da ya ce.